Ku zo Agege ku gwada maganin barin taba, amma da sharaɗi

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi a Agege ko Obalende ko bakin kasuwar Mile 12 ya san irin maganin da muke yi wa mashayin taba. Nasiha ce, daga ita sai gori. A ce ya ji tsoron Allah, a tuna masa 'ya'yan da ya baro a gida, a lissafa masa kwanon masara nawa yake ƙonawa a wata. In ya ce wallahi ya gwada bari ya kasa, sai wani ya ja tsaki ya ce sabo turken wawa. An gama ke nan, an ɗora masa wauta, kowa ya ci gaba da kurɓar shayinsa, shi kuma ya zagaya bayan rumfa ya ƙyasta ashana.

Ban raina nasiha ba. Amma akwai magungunan da ke taimaka wa mutum ya rabu da taba, an gwada su a kan dubban jama'a, an ƙirga waɗanda suka daina da waɗanda suka koma. Matsalar ita ce ba a kan irinmu aka yi manyan gwaje-gwajen ba. Ra'ayina shi ne mu Hausawan Legas mu nemi a zo a gwada a cikinmu, maimakon mu watse duk lokacin da muka ji an ce gwaji. Na san yadda wannan magana ke sauka a kunnen Bakano, kuma zan zo kanta.

Abin da ke riƙe mashayi nikotin ne. Ana zuƙar hayaƙi, kafin daƙiƙa 20 ya kai ƙwaƙwalwa, ya zauna a wasu gurabe da ke sa mutum ya ji hankalinsa ya dawo jikinsa. Bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini, sai jiki ya fara cigiya. In an daɗe ana sha, guraben nan ƙaruwa suke yi. Ranar da mutum ya daina, sai faɗa ba dalili, sai barci ya ƙi zuwa, ya kasa tattara hankali a kan aikinsa, ga yunwa. Makon farko ya fi azaba, yawanci abin yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu, amma sha'awar tana iya yi wa mutum sallama bayan watanni. Cikin mutum 100 da suka daina da ƙarfin zuciya kaɗai, ba magani ba mai taimako, uku zuwa biyar ne ke kaiwa wata shida ko shekara ba su koma ba. Sauran 95 ɗin nan duk wawaye ne? Akwai mahaddata a cikinsu, akwai masu riƙe da gida goma.

Gwajin magani na gaskiya ƙuri'a ake yi. A raba mutane gida biyu ko fiye, wasu a ba su maganin, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma daga likita har mai sha ba wanda ya san abin da ya faɗo wa wa. Bayan watanni ba a tsayawa a kan “wallahi na daina”. Mutum zai busa wata 'yar na'ura da ke auna gubar hayaƙi a numfashinsa, ko a duba yawu ko fitsari. Ta haka ake raba aikin magani da aikin sa rai.

Gwaji mafi girma a wannan fanni shi ne wanda ake kira EAGLES, wanda mujallar Lancet ta buga a 2016. Mutum 8,144 ne a ƙasashe 16. Waɗanda suka riƙe har ƙarshen mako na 24, a cikin masu shan barenikilin, wato Champix, kashi 21.8 cikin 100 ne. Masu shan bufurofiyon, wanda ake sayarwa da sunan Zyban, kashi 16.2. Masu manna filastar nikotin kashi 15.7. Masu ƙwayar da ba komai, kashi 9.4. Kar wani ya ce an samo sha-yanzu-magani-yanzu: ko da maganin da ya fi ƙarfi, kusan huɗu cikin biyar sun koma ruwa. Sai dai ninki biyu ba wasa ba ne in aka tuna abin da ake ƙoƙarin ceta. Richard Doll da abokan aikinsa sun bi likitocin Birtaniya tun daga 1951 har shekara 50, suka ga mashayi yana rasa kamar shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya daina yana ɗan 40 yana maido da kusan tara, wanda ya daina yana ɗan 50 kusan shida. Ajali na Allah ne, haka ne. Shi ne kuma ya ba mu hankalin ƙirga.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne sitisin. Daga 'ya'yan wata bishiya mai rawayar fure ake samunsa, kuma tun 1964 ake sayar da shi a Bulgeriya da sunan Tabex. Turawan Yamma sun yi shekaru ba su kalle shi ba, don daga ɓangaren 'yan gurguzu ya fito. Sai a 2011 aka buga wani gwaji da aka yi a Folan a kan mutum 740: bayan shekara, kashi 8.4 sun riƙe, su kuwa masu ƙwayar wofi kashi 2.4. A 2014 aka kara shi da filasta da cingam na nikotin a Niyuzilan, mutum 1,310, ya yi musu fintinkau a watan farko: kashi 40 na masu shansa suka riƙe, su kuwa kashi 31. Aikinsa iri ɗaya ne da na Champix: ya je ya zauna a gurbin nikotin, ya ɗan lallashi jiki, sannan in mutum ya zuƙi taba ya ji ba ta yi masa daɗin da ta saba ba. Kwana 25 ake shansa, kuma ya fi sauran araha nesa ba kusa ba. A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko kan yi wa manya maganin barin taba, ta sa duka huɗun a ciki. Ita ce kuma ta ce sama da mutum miliyan 750 a duniya na son bari, amma kashi 70 cikin 100 ba su da inda za su je a taimaka musu.

To, in an riga an tabbatar, me ya kawo zancen sake gwaji a Legas? A shigo da ƙwayar kawai a raba mana. Ni ma ina son a shigo da ita yau ba gobe ba. Amma ku ji abin da ya faru lokacin da aka ɗauki sitisin ɗin nan aka kai shi wurin talakawa masu kama da mu. A Bangaladash da Fakistan aka gwada shi a kan masu tarin fuka 2,472, aka buga sakamakon a 2020. Kowa an zauna da shi an yi masa bayani, sannan rabi aka ba su sitisin, rabi ƙwayar wofi. Bayan wata shida: kashi 32.4 da kashi 29.7. Tazarar ba ta kai a ce maganin ne ya yi aikin ba. Kafin wannan, a 2013, an yi wani a Fakistan a kan mutum 1,955 da ake zargin suna da tarin. Waɗanda aka bari da kulawar da aka saba, kashi 8.5 suka daina. Waɗanda ma'aikacin lafiya da aka horar ya zauna da su sau biyu, kashi 41. Waɗanda aka haɗa musu zaman da bufurofiyon, kashi 45.4. Wato a can, baki ne ya ɗauki kusan duk nauyin, ƙwaya ta ɗan tallafa.

Kar masu gori su ce ai ga shi nan, dama mun faɗa. Zaman da ake nufi ba wa'azi ba ne. Ana tambayar mutum yaushe ya fi jin sha'awar, bayan cin abinci ne ko in ya yi faɗa da mai kaya, a tsayar da ranar da zai ajiye, a shirya abin da zai yi in abokin zamansa ya kunna a gabansa, sannan a neme shi a ranar a ji yadda ya kwana. Abin da gwajin Fakistan ya koya mini shi ne, abin da ya yi aiki a Folan ba lallai ya yi daidai haka a wani wuri ba, kuma ƙasar da kuɗinta na lafiya bai taka kara ya karya ba tana da haƙƙin ta san inda za ta sa naira: a ƙwaya ne, ko a albashin mai zama da mutane, ko a duka biyun.

Yanzu dubi mashayinmu. Wanda aka ɗauka a gwajin EAGLES sai mai shan kara 10 ko fiye a rana, kuma haka akasarin irin waɗannan gwaje-gwaje suke. Ɗan dakon Mile 12 ba kwali yake saye ba. Kara ɗaya da safe, ɗaya bayan an sauke motar albasa, biyu da daddare, wani lokaci ma raba karan ake yi da aboki. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma ba tiredar da za ka tsaya a Legas ka rasa, kuma in za mu faɗi gaskiya, da yawa daga cikin masu tiredar namu ne. Mai shan huɗu a rana yana bukatar cikakken awon da aka tsara wa mai shan ashirin? A Amurka an taɓa wannan tambaya: a 2022 an buga gwajin barenikilin a kan baƙaƙen fata 500 a birnin Kansas, har da masu sha kaɗan, kashi 15.7 na masu shan maganin suka daina, masu ƙwayar wofi kuwa kashi 6.5. An kuma lura cewa a tsakaice jikin baƙaƙen fatar can ya fi jinkirin narkar da nikotin. Labari ne mai daɗi, amma mutumin Kansas ba ya ɗaukar buhu a ka cikin rana, kuma filastar da ake mannawa a dantse ba a zufar Legas aka auna riƙonta ba.

Sai azumi, wanda a ganina shi ne babbar damar da muke bari tana wucewa duk shekara. Wata guda cur mashayi yana yi daga asuba zuwa magariba bai taɓa ba. Mutumin da ake cewa ba shi da zuciya ke nan. Ana kiran salla, dabino, ruwa, sai ka ga ya sulale. Yaya za a yi a mayar da wannan wata ya zama ƙofar fita gaba ɗaya? Barenikilin ana fara shi mako guda kafin ranar dainawa, daga baya ya zama sau biyu a rana, wanda zai iya dacewa da sahur da buɗa-baki. Sitisin kuwa a kwana ukun farko duk bayan awa biyu ake haɗiyar ƙwaya, sau shida a yini. Mai azumi ba zai iya ba. To a fara shi a farkon Sha'aban, a gama kafin a ga wata, azumi ya zo ya ƙarasa aikin? Ko kuwa a jira bayan salla? Wannan tambaya ce da ƙuri'a za ta iya amsawa cikin shekara biyu, kuma ba likitan Folan ko Niyuzilan da zai tashi ya yi mana ita. Hukuncin filasta ga mai azumi kuma na malamai ne, a zaunar da su tun farko a nuna musu yadda take aiki.

Akwai abin da ba mu son faɗa a fili. Wasu daga cikin matasanmu masu aikin ƙarfi suna haɗawa da tiramol. Bufurofiyon yana iya tayar da farfaɗiya, shi ya sa ba a ba mai ita, tiramol ma yana iya tayar da ita. Wanda bai san unguwa ba zai rubuta wa yaro ƙwaya bai tambaya ba, yaron kuma ba zai faɗa wa baƙo ba.

Har yanayin zamanmu yana iya ɓata lissafi. A ƙa'idar irin wannan bincike, duk wanda aka nema bayan wata shida ba a same shi ba, ana rubuta shi a cikin waɗanda suka koma shan taba. Mu kuwa 'yan ci-rani ne. Ruwa na sauka, rabin majalisa ta hau motar Katsina da Sakkwato ta tafi gona. Direban tanka da ke kwana a Apapa yau, jibi yana hanyar Maiduguri. Mai binciken da bai san da haka ba zai wayi gari ya ga mutanensa sun ɓace, ya rubuta cewa magani bai yi aiki ba, ko ya ce Hausawa ba su da alƙawari. Wanda ya sani zai karɓi lambar waya biyu, ya haɗa kai da asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Zariya, mutum ya je can ya busa na'urar.

Yanzu maganar Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka sani. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, wannan tabo yana cikin abin da mutane ke nunawa. Kuma ba zan ɓoye ba, Champix ɗin da na yaba a sama, Pfizer ne ya ƙirƙiro shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ban ga laifinsa ba.

Amma gudun ya kai mu ina? Magani ba ya daina zuwa don mun ƙi shiga gwaji. Zuwa yake yi a kwali, da awon da aka yanka a jikin wasu, mu saya mu sha ba wanda ke rubuta abin da ya same mu. Laifin Kano ba gwaji ba ne, yadda aka yi shi ne: yara marasa lafiya, iyaye a ruɗe, annoba na ci, baƙi na sauri. Maganar taba daban take. Babban mutum ne da hankalinsa, ba a kwance yake ba, yana da mako guda ya je ya yi shawara da matarsa da malaminsa ya dawo, magungunan kuma an shekara da shekaru ana shan su a duniya, an san illarsu: tashin zuciya, mafarkai barkatai, wani lokaci rashin barci.

Sharaɗin da zan kafa ba mai wuya ba ne. Izinin NAFDAC da na kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, a nuna takardar kowa ya gani. Bayanin yarda ya zama da Hausa, Hausar kasuwa ba ta fassarar ofis ba, a karanta wa mutum da baki a gaban shaidan da shi ya zaɓa, wanda ya fi gane ajami a rubuta masa da ajami. A gaya masa ƙarara cewa ƙila ƙwayar da ba komai ce za ta faɗo masa, kuma ranar da ya ga dama ya fita ba wanda zai hana shi ganin likita. A nemi albarkar Sarkin Hausawa da limamai, wannan ladabi ne, amma yardar Sarki ba ita ce yardar ɗan dako ba. In aka bar shugabannin ƙungiya su kawo sunaye, mun san yadda za ta kaya: kuɗin mota za a raba, a cika takarda da waɗanda ko warin taba ba sa so.

Wurin yi ba shi ne matsala ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba yake, unguwar da Hausawa suka yi kaka-gida a cikinta. Na jihar yana Ikeja, kusa da Agege. Cibiyar binciken lafiya ta ƙasa tana Yaba. Likitocin da suka iya wannan aiki suna nan, mutanen da za a yi aikin dominsu suna wucewa ta bakin ƙofarsu kullum.

Wani zai ce masu shan taba a Najeriya ba su da yawa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga mata na mutuwa wurin haihuwa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 5.6 na manya ne ke amfani da taba, a maza kuma ɗaya cikin goma. Gaskiya ne, ba mu kai Masar ba. Amma Najeriya ce kan gaba a Afirka a yawan masu tarin fuka, taba kuma tana ƙara haɗarin kamuwa da shi, tana kuma dagula jinyarsa. Mai tarin dama wata shida yake zarya asibiti karɓar magani. Ga mutum, ga ma'aikaci, ga wata shidan da bincike ke bukata, ba sai an gina ko ɗaki ɗaya ba. Daga nan ya kamata a fara, kamar yadda aka yi a Fakistan.

Sigarin lantarki da ya fara cika shagunan Lekki da Ikeja ba zan daɗe a kansa ba. A gwajin Ingila na 2019, mutum 886, ya doke filasta da cingam, kashi 18 da kashi 9.9 suka riƙe bayan shekara. Amma kashi 80 na waɗanda suka bar taba ta hanyarsa suna nan suna zuƙarsa a ƙarshen shekarar. Ga wanda ke sayen kara ɗaya, na'urar da ke son caji da ruwan da ake shigowa da shi da dala ba hanya ba ce, kuma ina tsoron ta ga yaran da ba su taɓa shan komai ba.

Kuɗin aikin kuwa kar ya fito daga aljihun kamfanin taba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya kan taƙaita taba tun 2005, kuma yarjejeniyar ta ce a nisanta masu wannan sana'a daga tsara manufofin lafiya. Dokar 2015 ta kafa asusu na musamman don yaƙi da taba. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci kamfanin British American Tobacco, mai masana'anta a Ibadan, tarar dala miliyan 110. Ɗan abin da za a gutsura daga irin wannan kuɗi ya isa a bi mutum dubu biyu na shekara guda. Jihar Legas da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a tun 2014 ta gaya wa mashayi inda ba zai sha ba. Saura ta nuna masa inda zai je in yana son bari.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Tun kafin a ba mutum na farko ƙwaya, a rubuta abin da zai biyo baya in an ga tana aiki: wa zai shigo da ita, NAFDAC ta yi mata rajista, a wane asibitin unguwa da wane kemis za a same ta, kuma nawa. In kuɗin kwana 25 ya fi abin da ɗan dako ke kashewa a taba a wata biyu, ba zai saya ba, ko da shi aka yi gwajin. Sakamakon kuma, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a dawo Agege da Idi-Araba a faɗe shi da Hausa bayan sallar Juma'a, kafin a kai shi mujallar Landan.